Labarin Gwaggo Ya Tsaya a Abeche

Safiyar ranar, a tsakar gidanmu na Wad Madani, Gwaggo Hajjo, yayar mahaifina, tana yi wa ’yata Suwaiba kitso. A gidanmu, wajen kitso ake ba da labarin matan da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Hajji, tafiyar ta ƙare musu a Sudan. Mace ke ba mace, ba a rubutawa. Gwaggo baya-baya take bi, daga ’ya zuwa uwa, kowane zama mace ɗaya da garinta. Ita kaɗai ta rage da ta san mafarin. Ni uwata Balarabiya ce, ban samu zaman ba. Ranar an kai ga Hadizatu ta Abeche.

Da hantsi muka ji rugugi daga wajen gada. Sai ƙarar babura. Sai ’yan bindiga suka doki ƙofa.

“Ku kwanta!” Da Larabci.

Ba su girmi ƙanena ba. Suka kwashe wayoyi da buhun dawa. Ɗaya ya fizge mayafin Gwaggo ya yafa, ya ranƙwafa yana kwaikwayon tafiyarta, sauran suna dariya. Wani ya yi fitsari a randa. Da Gwaggo ta yunƙura, aka sa mata gindin bindiga a ƙirji.

Bayan azahar muka samu motar albasa mai zuwa Gadarif. Gwaggo na kwance a cinyata, numfashinta na fita da kyar. Suwaiba ta yi ta tambayarta wace ce ta haifi Hadizatu. Leɓen Gwaggo ya motsa. Injin ya fi shi ƙara.

Ta cika kafin magariba. Direban ya ce ba ya ɗaukar gawa. Maza biyu suka tona rami a gefen hanya, shi yana danna oda.

Yanzu muna Jarwal, a gidan ’yar kawuna da aka haifa a nan Makka. Ƙawayenta kan zo shan gahawa. Sai su ce in sake ba su labarin mai mayafin, suna taunar dabino, suna cewa ya haram, Allah sarkinsu na Larabci. Na daina fitowa.

Jiya Suwaiba ta zauna a gabana da tsinken kitso. Ita ta faɗi sunayen, ni ina tsaga: Hajjo ta Madani, Asma’u ta Mai Wurno, Dije ta Fashir, Hadizatu ta Abeche. A nan sunayen suka ƙare. Na ƙarasa mata kitson.