Hulata ta Juma'a

A kamfanin ruwan leda na Kalgo, inda na fara aiki a rayuwata, ba a shiga sai an gaida Inna. Mahaifiyar mai kamfanin ce, tsohuwa makauniya, fara, siririya kamar sillen kara. Kullum da safe za a shimfiɗa mata tabarma a zauren shiga, ɗanta Alhaji ya zauna can gefe a kujerar roba da carbinsa. Mu kuma mu jeru, kowa ya durƙusa ya miƙa mata hannu, ta shafa, ta ce Allah ya yi albarka, ya wuce wurin inji.

Amma wani lokaci ba ta saki. Sai ta ɗaga fuska, fararen idanunta suna kallon inda babu kowa, ta ja numfashi a hankali. Zauren ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwa daga tanki. Can sai ta ce, "Ba shi ba na," ta saki hannun. Duk wanda aka yi wa haka ba ya kai azahar a kamfanin. Alhaji zai kira shi ya ce ba ya aiki da mashayin taba, ko da a Makka ya sha ta. Haka aka sallami direbanmu, haka aka sallami wani mai lodi da ya rantse rabonsa da sigari tun bikin ƙanensa. Babu wanda ya san wa take nema da take cewa ba shi ba ne.

Ni kuwa ina sha. Ba sigarin kanti ba, ganyen tabar da kawuna yake nomawa a fadamar Gwandu, ya shanya ta a rumfa har ta yi ja. Ranar Alhamis da yamma nake hawa mota zuwa gida, tunda Juma'a ba aiki. Bayan an sauko masallaci sai in tafi garkar kawu da littafin soyayya a aljihu, in kishingiɗa a gindin mangwaro, in naɗa ɗaya. Hayaƙin yakan tashi ya ratsa ganye, ni kuma in riƙa ƙera fuskar yarinya a cikinsa, wadda ban taɓa gani ba amma na tabbata tana can tana jirana. Wannan 'yar sa'a kaɗai nake da ita a mako. Aikin kuwa shi ne ya sa aka fara kirana mutum a unguwarmu, ba mai karance-karancen banza ba, don haka nake tsoron zauren nan kamar kabari.

Ina da dabarata. Wanka da sabulu mai ƙarfi, asuwaki har dasashi ya yi zafi, ɓarin goro, kayan Juma'a kuma su zauna a Gwandu. Har hula biyu gare ni, ta aiki da ta Juma'a, domin hula ba ta wankuwa a gida, sai an kai wa mai wankin hula. Na daɗe ina wucewa lafiya.

Wata Asabar da damina na kwana a Gwandu na makara, hadari ya haɗu, mai mashin ɗin da zai kai ni tasha yana ta matsa mini ƙaho a ƙofar gida. Na fizgi hula daga kan ƙusa na fita. Sai da na durƙusa gaban Inna, kaina dab da fuskarta, sannan na ji ƙamshin garkar kawu yana saukowa daga goshina.

Ta riƙe hannuna. Ta ja numfashi sau ɗaya, ta sake ja. Na rufe ido ina jiran kalmomin nan. Maimakon haka sai na ji yatsunta masu sanyi sun hau kuncina, sun bi ta kunne, sun kai ga hular. Muryar da ta fito ba tata ba ce da muka sani, wata siririyar murya ce mai kunya, irin ta amarya a bayan labule.

"Malam, ka komo?"

Na ce, "Inna, ni ne, mai kula da inji."

"Ka daɗe," ta ce, kamar ban yi magana ba. "Hurarka na nan, na ruhe ta da faifai. Tarin ya lafa?"

Wani daga bayan layi ya yi salati a hankali. Iskar hadari ta shigo zauren ta ɗaga gefen tabarmar, tsohuwa kuwa tana murmushi, hawaye na bin tamojin fuskarta. Na karanta soyayya iri-iri, ta masu kuɗi da ta marayu, amma ban taɓa ganin an dubi mutum yadda makauniyar nan ta dube ni ba, kuma ba ni take duba ba.

Alhaji ya miƙe, carbin ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba. "Biyo ni," ya ce.

A ofis na yi ƙarfin hali. "Ranka ya daɗe, Juma'a ranata ce. A Gwandu nake sha, cikin garka. Ban taɓa kawo ko ashana wurin ruwanka ba."

"Na sani," ya ce. "Irin wadda ubana ke sha ce. Ɗakin da kuke ajiye leda, nan ya yi ta tari har ya cika. Ina jin shi ta bango." Ya dube ni, ya ce, "Aikinka ba laifi. Amma gobe ma za ta jira ka, jibi ma haka. Ka tahi, yaro, Allah ya haɗa ka da wani."

Na so in ce masa shi ne fa ya zaunar da ita a zaure tana shinshinar mutane. Sai kawai na juya na bar ofis ɗin.

Babu wata hanyar fita sai ta zauren. Na cire takalmi don kada ta ji, amma ina zuwa daidai tabarmar ta miƙo hannu ta kama bakin rigata, kamar tana gani.

"Za ka kuma?"

"Zan je gona," na ce. Ban san daga ina maganar ta zo mini ba.

"To bar mini hular, kar ruwa ya ɓata ta."

Na cire na ɗora mata a cinya. Na fita kai babu hula, ruwan sama ya sauko mini tun kafin in kai bakin titi, na tsaya a jiƙe ina jiran motar Gwandu ba aiki ba dalili.

Yanzu dakon albasa nake bi zuwa kasuwanni, wani lokaci hanya takan biyo da mu ta Kalgo. Ran nan motarmu ta rage gudu a gaban kamfanin saboda shanu suna tsallake titi. Na leƙa. Ma'aikata sun jeru a zaure, tana shafa hannuwansu ɗaya bayan ɗaya da hagu, damanta kuma na kan hulata. Gilashin motar a rufe yake, ga buhunan albasa a bayana, rabona da taba kuma tun Juma'a. Duk da haka ta saki hannun da take riƙe da shi, ta juyo da fuskarta titi, ta bi motar da fararen idanunta har muka sha kwana.