Igiyar Maikano

Da asuba, kafin matan Dumega su soma daka, Maikano yakan cika ƙoƙo da ruwa har baki, ya miƙe hannu, ya tsaya yana kallo. So yake ya ga ko ruwan zai zuba. Kullum kuwa sai ya zuba, ya bi ta yatsunsa ya gangara har gwiwar hannu. Sai ya shanye saura, ya kife ƙoƙon bisa randa, ya zauna bakin bukka. Ba kowa a gidan. Matarsa ta koma wurin danginta tun damina biyu da suka wuce, ta tafi da akuyarta da turminta.

Maikano mai haƙar rijiya ne, ruwa kuwa a ƙasar Arewa yana da nisa, sai a yi gaba ashirin ba a ga laima ba. Masu sana'ar bibbiyu suke aiki: ɗaya ya sauka, ɗaya ya riƙe igiya yana jawo gugan ƙasa, rana ta yi tsaka su canja. Wanda ba a yarda ya riƙe igiya ba, shi ma ba a riƙe masa. Shekara goma sha huɗu Maikano yana riƙe wa Inusa, Inusa yana riƙe masa.

Burkutu a gidansu ya tarar. Ubansa yakan sha bayan girbi, ya bari sai wata shekara. Maikano ya sha bayan girbi, ya sha kafin shuka, har ta kai hannunsa ba ya tsayawa da safe sai ya leƙa rumfar Balki mai dafa giya. Shekarar da ta biyo bayan samun ƴancin kai aka kira su haƙa a wani ƙauye wajen Tibiri, inda ba mai dafawa. Kwana biyu bai sha ba. A rana ta uku guga cike da duwatsu ya suɓuce daga hannunsa, ya sami Inusa a kafaɗa. An fito da shi da rai, amma hannun hagu bai ƙara ɗaguwa sama da kai ba.

"Ran da na sha ban taɓa sakin igiya ba," in ji Maikano ga duk wanda ya tsaya sauraro. "Ran da ban sha ba na saki. To ku gaya mini mi za ni yi."

Ya fara da malam. An yi masa rubutu kwana bakwai, ya sha da niyya. Ya ce rubutun ya kwantar masa da zuciya, amma hannu bai iya karatu ba. Ƴan bori suka ce ba shi ke sha ba, wani iska ne ke sha ta bakinsa, ya riƙa aje masa ƙoƙo guda a gindin tsamiya. Ya aje. Ya zauna yana gadin ƙoƙon har la'asar, iskan bai zo ba, ya ga ɓarna ce a bar shi ya yi tsami.

Daga nan ya hau amalanke ya tafi gidan likita a Dogon Dutsi. Wani anfirme mai jinyar marasa lafiya, Malam Umaru, ya riƙe hannunsa ya juya, ya duba idonsa, ya ce ciwo ne kamar sauran ciwo, kuma kwanakin farko za su yi wuya. Bai yi ƙarya ba. Maikano ya yi gumi, ya yi amai, ya ga kunamu suna sauka ta bango, sai da aka ɗaure shi da gado da zane. Aka yi masa allura, aka ba shi kunu. Kwana goma sha biyu aka sallame shi da ƙwayoyi a ƙulle cikin takarda.

"Wancan mutum ya san aikinshi," yakan ce. "Shi kaɗai bai ce mini gobe za ni warke ba. Amma ya hidda mini giya daga ciki, bai gaya mini inda za ni zauna da la'asar ba."

Nan ne wahalar take. A Dumega duk wanda Maikano ya sani a rumfar Balki yake zama. Ya je sau ɗaya don hira kawai. Ƙwarya ta zagayo, ya miƙa wa na kusa da shi bai kai baki ba. Rumfar ta yi tsit, don ƙin ƙwarya a wurin kamar zagi ne.

"Alhaji Maikano!" in ji Balki. "Yaushe aka dawo daga Makka ba mu ji guɗa ba?"

"Gaisuwa na zo yi, Balki."

"Mun amsa. Ɗaga mini kujera, akwai mai ƙishi tsaye."

Ya koma gindin ɗurumi inda masu salla ke zama. Suka amsa sallama, suka matsa masa wuri, wuri mai faɗi ƙwarai. Hira ta mutu har ya tashi. Bayan wata biyu ya koma rumfar Balki ya sha kwana huɗu a jere, sannan ya taka da ƙafa har Dogon Dutsi. Malam Umaru bai yi masa faɗa ba, ya nuna masa gado. Maikano ya ce da an zage shi ran nan da bai tsaya an yi masa magani ba.

Daga wannan karon bai ƙara sha ba. Don hannu ya sami abin yi, ya riƙa yanko kaba yana tuƙa igiya a bakin bukka, shi kaɗai, daga hantsi har rana ta faɗi. Rawar hannun ta ragu, ba ta tafi duka ba.

Da ya cika shekara bai sha ba, ya ji Inusa zai fara sabuwar rijiya a bayan gari da wani abokin aiki, Ɗanjuma. Ya ɗauki ƙoƙonsa ya tafi. A gaban mutane ya cika shi, ya miƙe hannu. Ruwan ya yi ta motsi, ɗigo biyu suka zuba.

"Shekara guda, Inusa. Tambayi kowa."

"Ba sai na tambaya ba, ɗan'uwa. Na sani ka bari."

"To ba ni igiya."

Inusa ya daɗe yana kallon ramin. Ya shafa kafaɗarsa.

"Ni na yarda da kai. Wagga kafaɗa ce ba ta yarda ba. In ina ƙasa na san kai ne bisa, sama za ni ta kallo, ba ni haƙa komi."

Maikano ya zubar da ruwan. Mutane suka zuba ido ga hanyar rumfar Balki, amma bai bi ta nan ba. Ya tsaya ya ɗauki igiyar da za a saukar da Inusa, ya bi ta da yatsu gaba gaba, ya nuna inda ta soma cinyewa. Sannan ya tafi gida.

Bayan kwana uku, da sassafe, aka hango shi a bayan gari. Ya ɗaura sabuwar igiyar da ya tuƙa a reshen gawo don ya gwada ƙarfinta, ya naɗa ta a ƙugu, ya ɗage ƙafafu ya saki nauyinsa duka yana lilo, ya sauka, ya matsa gaba ya sake. Haka ya bi ta har ƙarshe. Sannan ya naɗe ta ya saɓa a kafaɗa, ya kai bakin rijiyar Inusa ya aje kafin masu haƙa su iso, ya juya gida.