Tabon Gilashin Isuhu

Ku da kuka san marigayi Isuhu direba, kun san ba ya gaida kowa da safe sai ya gaida gilashin motarsa. Yana fitowa masallaci zai haye ƙafar kamiyonsa, babbar motar nan tasa ta ɗaukar kaya, ya yi wa gilashin gaba "hah!" da numfashi, ya goge da jelar rawani. Ƙofar motar da igiya take ɗaure, kujera ta huje, amma gilashi kamar ruwan randa. Shekara talatin muna maƙwabtaka a Tahoua, har yau ban gane mutumin nan ba.

A shekarar fari, soja suka tara manyan motoci don kai dawar taimako ƙauyuka. Aka ba Isuhu hanyar Tebaram, inda ƙanwarsa take da ƴaƴa bakwai, rumbu kuma wayam. Aka liƙa masa takardar izinin wucewa a tsakiyar gilashi, aka ce kwana uku ya zo ya yi lodi. Ko gida bai kai ba ya ɓamɓare ta. Rabi ya fita, ya yar. Saura ya zauna, farin tabo mai danƙo kamar tafin hannu.

Na ce, "Isuhu, takardar soja ka cire?"

Ya ce, "Malam, ido na mota suka rufe. Kai in an liƙa maka takarda a ido, hakanan za ka bari?"

Ya fara da reza, ta karye. Ya koma kananzir ɗin fitilar matarsa Hajo, danƙon ya ƙara faɗi, Hajo ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Wani Buzu a kasuwa ya ce man shanu ne maganinsa. Man shanu, a shekarar da shanu suka ƙare! Isuhu ya samo cokali guda, Allah kaɗai ya san inda, ya shafa. Kafin azahar akuyar maƙwabta ta hau bisa mota ta lashe man tas, ta bar danƙon da gashin gemunta a ciki.

Rana ta uku sai ga shi a zaurena.

"Malam, kai ne kake wanke allo kullum. Taso ka wanke min wanga abu."

"Isuhu, tawada daban, danƙon Nasara daban."

"To duk karatun nan naka, a katako kaɗai yake aiki?"

Na bi shi, na tofa addu'a, na goga da hannun riga. Rigar ta kama, sai da ya janye ni.

Haka muka yi lodi, na shiga gaba don in yi masa rakiya. A shingen bakin gari jandarma ya ɗaga hannu.

"Ina takarda?"

Isuhu ya nuna tabon. "Ga gurbinta nan."

"Gurbi? Sabke buhunnan, a ba wata mota mako mai zuwa!"

Mako guda, ga mutane can suna dafa ganye. Sai jandarman ya leƙo ciki, ya kafa ido a tabon. Ashe shuɗin hatimi ya kama danƙon, har lamba ana gani. Ya karanta, ya dube mu, ya cire gashin akuya guda ya duba shi ma, ya ce, "Ku wuce, kafin in haukace."

Kafin la'asar ƙanwar Isuhu tana daka.

Daga ranar, wanda ya taɓa tabon nan ya sha zagi. Amma kuma kullum sai ya nuna min shi ya ce, "Dubi ƙazanta, Malam!" In ce to a cire, ya ce, "Taɓa ka gani!" To me yake so? Wallahi ban sani ba.

Bayan rasuwarsa, da za a sayar da motar, Hajo ta fito da ruwan zafi da sabulu, ta jiƙa tsumma ta ɗora. Kafin in gama alwala, tabon ya fita.

Na ce, "Hajo, kin san wannan tun da?"

Ta ce, "Ya tambaye ni ne?"

Muka yi dariya har ta koma share hawaye da bakin mayafi.

Allah ya jiƙan Isuhu. Allah ya wanke masa kurakuransa cikin sauƙi haka, ya saka masa da kowane buhu da ya kai wa mai yunwa. Amin.