Takardar Choji a Birnin Kolon

Shekara ashirin da biyu ke nan Choji yana kama jirgin ƙasa na asuba daga Woodbridge zuwa Washington, inda yake gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Mutum ne mai tsari har ya yi yawa, ko kasuwa za shi sai ya rubuta komai a takarda. Matarsa Chundung nas ce, aikin dare take yi. Kafin ta dawo da safe ya fita, kafin ya shigo da yamma ta kama hanyar asibiti. Aurensu sai ya koma 'yan takardun saƙo a ƙofar firij: ita ta manna "miya tana ƙasa", shi ya manna "na canza man mota". A haka suka raini 'yarsu Olive har ta tafi jami'a.

Wata Lahadi bayan coci Chundung ta ce masa, ba faɗa ba ɗaga murya, "Baban Olive, in mun je Jos Kirsimeti, ni ba zan dawo ba. Na gaji da zama da firij."

Tikitin tafiya kawai ta ce a saya mata. Choji ya tsorata ƙwarai, don saura shekara huɗu ya yi ritaya, kuma bai san yadda ake lallashin mace da baki ba. Sai ya yi abin da ya iya, ya zauna ya tsara. Ya zaɓi tafiyar da za su yini a Frankfurt ta Jamus kafin jirgin Abuja. Sau tara suna ratsa filin jirgin nan ba su taɓa leƙa waje ba, yanzu kuwa fasfon Amurka ya ba su dama. Ya sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa birnin Kolon, ya jera wurare bakwai da za su gani, a ƙasa ya rubuta na takwas: "Yi mata magana."

Abu ɗaya gwanin tsarin ya manta, wato agogon jikinsu. Ƙarfe takwas na safe a Jamus biyun dare ne a Virginia, jihar da suke zaune. Chundung idonta tar, lokacin aikinta ne. Shi kuwa jirgin ƙasa bai gama barin tasha ba ya ɓingire, baki a buɗe. Ita kaɗai ta kalli gonaki da ƙauyuka suna wucewa ta taga, sai da suka iso ta taɓa shi.

Babbar majami'ar garin tana bakin tasha. Choji ya bi matarsa ciki yana layi kamar wanda ya sha burkutu, ya samu benci ya sunkuyar da kai. Duk wanda ya gan shi zai ce addu'a yake yi. Ita ta zagaya ta kalli tagogin gilashi masu launi, ta dawo ta same shi yana minshari. Suka haye gadar kogi, suka ci burodi da kifi, ya soke wuri na biyu a takardarsa.

Wajen ƙarfe biyu idonsa ya washe, don gari ya waye a Woodbridge. Ya gyara murya zai fara magana a kan wani benci a bakin kogi, sai ya ji nauyi a kafaɗarsa. A agogon jikinta Chundung ta tashi daga aiki ke nan, ta yi barci.

Ya duba takarda, saura wurare biyar. Ya ɗaga hannu zai tashe ta, ya fasa. Awa biyu da rabi ya zauna bai motsa ba, kafaɗa ta yi tsami, sanyi yana shigarsa. Ya ga shatin tabarau a karan hancinta, ya ga yadda take dunƙule hannu ko a barci, kamar mai jiran a kira ta. Ya rasa ranar da ya taɓa zama ya kalle ta haka, abin ya ba shi kunya, ya kuma ba shi tausayi.

A jirgin ƙasa na komawa Frankfurt ne suka samu kansu ido biyu a lokaci guda.

"Me ka gani da rana?" ta tambaya.

"Jiragen ruwa huɗu. Sai ke."

"Ni ma da safe kai na kalla. Ashe ka yi furfura har ƙeya, ba wanda ya gaya mini."

Ya sa hannu a aljihu. Sai kawai ya miƙa mata takardar. Ta karanta tun daga sama har na takwas, ta daɗe tana kallonsa. Ta zaro biro daga jakarta ta yi rubutu a baya, ta manna takardar a jikin taga da yatsa yadda suka saba yi a firij.

Ta rubuta: "Saura wurare biyar. Ka saya mini tikitin dawowa. Zan nemi aikin rana."

Choji ya karanta sau biyu, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Har yau tana manne a ƙofar firij ɗinsu.