Baitin da Aka Yanke wa Sakinatu

Duk wanda ya taɓa zuwa biki tsakanin Tudun Wada da Kwangila ya san muryar Sakinatu, amma ka tare mutum goma ka tambaye su sunan mai muryar, ko ɗaya ba zai faɗa maka ba. Ni na sani saboda katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina ɗinki ina jiyo ta tana gwada amshi a bakin murhu.

Shekara goma sha huɗu ta yi tana yi wa wani mawaƙi, Kailani, amshi a situdiyonsa na bayan kasuwa. Shi zai rera cewa mace tagari ba ta ɗaga ido ta kalli miji, ita kuma ta amsa da "haka ne" cikin muryar da ke sa tsigar jiki tashi. Ya ce in maigida ya yi tsawa a durƙusa, ta sake cewa haka ne. Na sha ce mata, "Sakinatu, ke da kike riƙe da gida ke kaɗai, bakinki ba ya yi miki nauyi?" Sai ta ce, "Atika, amshi aka ɗauke ni in yi, ba gardama ba."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ƙarshen waƙa. In Kailani ya zo gaisuwa ba ya barin kowa. Mai kiɗa, mai haɗa sauti, bakaniken motarsa, har mai shayin ƙofar situdiyo ya sha shiga. Sakinatu ko sau ɗaya. Wai mutuncinta yake karewa, kada sunan mace ya riƙa yawo a bakin 'yan acaɓa. Muryarta kuwa ta yi ta yawo, wannan bai dame shi ba.

Mijinta Sabo ya sake ta tun 'yarsu Sumaiya ba ta iya tafiya ba, ya koma Kaduna, ko takalmin makaranta bai taɓa aikowa ba. Da amshi da sayar da zoɓo a ƙofar jami'a ta Kongo ta riƙe yarinyar har ta gama karatun jinya. Da aka sa ranar auren Sumaiya da wani malamin makaranta ɗan Gyallesu, yarinyar ta nace ita ma a yi mata waƙar biki irin ta ƙawayenta. Kailani ya ce an gama, ai 'yar gida ce.

Sai ga amshin da ya rubuto: "Sumaiya ɗiyar Alhaji Sabo, uba ya gama aiki." Wane aiki, don Allah? Sakinatu ta shigo min da takardar.

"Atika, sunan da ko ina gidansa kunya ba ta bar ni na kama ba, yau sau goma sha biyu ake so in rera shi."

"Yaga takardar!" na ce.

Ba ta yaga ba, don ba ta son ɓata wa yarinya rai. Ta koma ta same shi. "Malam Kailani, ban taɓa roƙon ka komai ba. Zan yi amshin. Amma ka ba ni baiti ɗaya, ni na rubuta abina, da sunana a ciki." Ya ce ba matsala Hajiya, shiga ki yi. Aka ɗauka. Ranar ta dawo gida tana dariya kamar ita ce amaryar.

Ranar wuni aka kafa rumfa a layinmu. Sabo ya iso cikin babbar riga sai ƙamshi yake, aka ba shi kujerar gaba a ƙofar gida. Uwar amarya kuma, kamar yadda aka saba, tana ƙuryar ɗaki, muna zaune da ita mun buɗe taga. Bayan la'asar aka saki waƙar a lasifika. Muryarta ta cika layi tana yabon Sabo, shi kuma yana gyaɗa kai yana karɓar gaisuwa. Muka daure, muna jiran baitinta. Aka zo gaisuwa, aka kira mai kiɗa, aka kira mai shayi. Kiɗa ya tsaya.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a gaban Kailani ba. "Malam, ina baitin uwar amarya?"

"Waƙar ce ta yi tsawo, Hajiya. Kuma ai uwar amarya da kunya aka san ta."

Wallahi da akwai kofin zoɓo a hannuna da a fuskarsa zai ƙare. Ina cikin zazzaga masa masifa an sake maido waƙar daga farko, sai na ji lasifika ta yi ɗif. Sakinatu ce ta fito ta cizge wayar wuta. Ta tsaya tsakiyar rumfa, ba kiɗa, ba komai a hannunta, ta ɗaga murya:

"Ni ce Sakinatu ta Tudun Wada,
ni na goya, ni na ciyar,
ni na tsaya a layin asibiti,
yau ni ke miƙa 'yata."

Tsofaffi suka riƙe baki. Can daga ƙarƙashin mayafi amarya ta ce, "Haka ne." Ni ma na ce haka ne, matan layi suka ɗauka gaba ɗaya, har da wasu cikin dangin ango. Ta maimaita baitin sau uku muna yi mata amshi. Sabo ya kanga waya a kunne ya sulale, ban ga fitarsa daga layi ba.

Kailani bai sake kiran ta aiki ba. Ya ce ta ci masa fuska a gaban jama'a, ya ɗauko wata yarinya, ita ma har yau ba wanda ya san sunanta. Waƙar kuwa ta bazu a wayoyi yadda ya yanke ta, duk inda ka juya Sabo ya gama aiki. In na ji ta sai in ji kamar in fasa wayar mai ita.

Shekaranjiya na kai mata ɗinki a ƙofar Kongo, wani ɗalibi ya tsaya sayen zoɓo waƙar na tashi a aljihunsa. Ya ce, "Mama, mai amshin nan muryarta ba dama. Ko wace ce oho."

Ta miƙa masa gorar zoɓo, ta dube shi ido cikin ido.

"Sunanta Sakinatu. Ka riƙe shi da kyau, don ba za ka ji shi a cikin waƙar ba."