Maɓallin Cajar Surajo

Shekara ashirin da biyu ke nan Surajo yana zaune a rumfa ɗaya a bakin kasuwar Yelwa, yana yi wa masunta cajin batiran fitilunsu. Da hannunsa ya haɗa cajar, ya sa mata maɓallin murɗawa mai ƙara wuta ko rage ta. Ya san batir ba ya son gaggawa: in aka tura masa wuta da yawa sai ya yi zafi, ruwansa ya ƙone, cikinsa ya kumbura.

Masunta kuwa kullum jirgi na jiransu. Da zarar Surajo ya tafi sallar azahar, sai wani ya miƙa hannu ya murɗe maɓallin har ƙarshe. Bayan 'yan makonni a dawo masa da batir a kumbure, a ce cajarsa ce ke kashe kaya. Ya yi faɗa, ya yi roƙo, har ya gaji. Mutanen Ngaski suka fara kai nasu wata rumfa.

"Ni ban taɓa maɓallin ba, Malam Surajo," in ji Mati, wani tsohon masunci daga Shanga. "Ɗan gyara shi kawai na yi."

"Baba Mati, gyaran nan naka ya ci batir biyu."

Daga ƙarshe ya aika Kontagora aka sayo masa 'yan ayisi guda biyu masu ƙafa takwas, kowane kamar ƙwayar wake, waɗanda ke daidaita wuta da latsawa maimakon murɗawa. Idonsa ya riga ya yi rauni. Kwana uku ya yi a sunkuye da tabarau, yana narka dalma. Ya cire wayoyi ukun da ke bayan tsohon maɓallin ya ɗaura su a ƙafafun ayisin. Na farko ya ƙone, domin ya ba shi wutar batir kai tsaye. Na biyu ya zauna. Ya yi ta latsawa yana duban mita har allura ta tsaya inda yake so, sannan ya ɓoye sababbin maɓallan latsawar a ƙarƙashin tebur. Tsohon maɓallin kuwa ya bar shi a wurinsa, babu waya ko ɗaya a bayansa.

Damina ta wuce babu batir ɗin da ya kumbura. Mutanen Ngaski suka fara dawowa. Wata ranar kasuwa, yana alwala a bayan rumfa, sai ya ji Mati na koya wa wani baƙo: "Cajar na da kyau, mai ita ne ke da rowar wuta. Bari ya tafi masallaci, ka murɗe ta duka."

Surajo ya ajiye buta, ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, ya bar musu rumfar.