Kilen Habibu da Sunayen da Aka Goge

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai ƙanena Habibu makwancinshi, kuma a makon da bakwai ɗin ta cika ne aka tare ni bakin ƙofa, nan cikin Dakoro, aka hana ni shiga taron da ake nuna aikinshi. Mai gadi ya ce ba ni da takardar gayyata. Wanda ya shirya taron, Laminu, ya goge sunan ƙanena daga aikin, ya goge nawa da na sauran jama'a, ya rubuta nashi, sannan ya ɗana ma abin kwaɗo. Abin da aka yi mani ke nan. Na faɗe shi tun farko don kada wani ya karanta har ƙasa yana zaton wa'azi zan yi. Ni ba malami ba ne. Sunana Idi, aji shida na yi a lekol na fita, gyaran rediyo da caja nake yi bakin tasha. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, zancen dai bai karkace ba.

Habibu shi ne mai karatun gidanmu. Ya tafi Yamai, ya dawo mushe, wato malamin boko, yana koyarwa a kolej. Bai dawo da mota ba. Abin da ya dawo da shi wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce ɗan yatsa ba, wanda ake soka ma ordinater, wato kwamfuta, ana ce mashi kile, ya rataye shi a wuya da igiyar fata. Tsohuwarmu ta ɗauka laya ce, har ta tambaye shi wane malami ya yi mashi. Cikin kilen nan akwai lojisiyel, wato kayan da ke sa ordinater ta yi aiki: na rubuta takarda, na lissafi, na zana taswira, da darussan da ake buɗewa ko babu rezon intanet. Ba irin na kamfani ba ne da ake saye a kulle. Mutane ne a ƙasashe barkatai suka haɗa hannu suka ƙera, suka bar shi buɗe, kowa ya ɗauka, ya leƙa cikinshi, ya gyara, ya miƙa ma na gaba. Babbansu ana ce mashi Linuks, mai hoton wani tsuntsu kamar agwagwa ta miƙe tsaye. Har ta rasu, tsohuwa "agwagwar Habibu" take ce mashi.

Da farko na ce mashi ƙarya ce, babu wanda zai sha wahala ya ƙera abu ya bar ma duniya. Sai ya tuna mani shekarar da damina ta ƙi, muna yara, babanmu ya buɗe rumbu yana auna ma maƙwabta irin gero, wanda ya samu shi ma in ya girbe ya auna ma wani. Ya ce, "Yaya, wannan ma iri ne. Bambancin kawai, shi in ka ba wani, naka bai ragu ba." Ban sake yi mashi gardama ba.

Ya fara tara mutane a zauren babanmu ranar kasuwa, bayan la'asar. Gayya muke ce ma zaman. Tsofaffin ordinater da ma'aikatu suka zubar, ya bi ya roƙo, ya kakkaɓe, ya zuba masu kayan kilen, sai ka ga gawa ta buɗe ido. Ni ke kawo batiri da na caza da pano mai ɗaukar hasken rana, ni ke haɗa wayoyi. Ba 'yan boko kaɗai ke zuwa ba. Akwai Malam Ɗan Tani, manomi daga Mai Yara, wanda ko harafi ɗaya na boko bai sani ba. Akwai Agali, makiyayi daga wajen Ɗan Gulbi, da ke zama can kusa da ƙofa da rawaninshi, yana jera ma Habibu sunayen rijiyoyi ana sa su a taswira. Akwai Malama Hadiza mai koyarwa a Sabon Maci, da ke shigo motar kasuwa da ordinatarta naɗe cikin zane. Akwai Laminu, ɗan unguwarmu, wanda ya fi kowa zama kusa da Habibu, ya fi kowa cin tuwon gidanmu.

Babban aikin gayyar shi ne mayar da kalmomin cikin lojisiyel ɗin Hausa. Nan ake kai ruwa rana. Wata rana an tsaya kan wurin da ake latsawa in an gama rubutu don kada ya ɓace. 'Yan boko suka ce a sa "ajiye". Malam Ɗan Tani ya buga sanda ƙasa ya ce, "Ajiye a ina? Ko akuya ma ana ajiye ta, ta ɓalle. Ku sa 'zuba a rumbu'." Aka yi dariya har Agali ya saki rawani, amma haka aka sa.

Habibu na da wata ɗabi'a. A farkon kilen ya buɗe shafi ya sa mashi suna Asali. Duk wanda ya ƙara wani abu, ko kalma ɗaya ce, a rubuta sunanshi da abin da ya kawo, ƙarƙashin sunayen mutanen nesa da suka ƙera abin tun farko. Kuma kafin a fara kowane zama sai ya karanta namu da ƙarfi, tun daga sama har ƙasa, mutum talatin da takwas. Ni ne na huɗu: "Idi, ya kawo wuta." Ban da katin ɗan ƙasa, nan kaɗai aka taɓa rubuta sunana don wani abin kirki. Dokarshi ba ta da yawa. Ka ɗauka, ka gyara, in ka yi ma wani aiki da shi ka karɓi ladan guminka, babu laifi. Amma kada ka goge sunan na gabanka, kada kuma ka kulle abin da ka tarar a buɗe.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don ba na son a ce na ɓoye cibi ranar wanka. Shekara huɗu ina zaune a zauren nan, ban taɓa koyon ko yadda ake kwafar kile ba. Sau nawa Habibu ya ce, "Yaya, matso in nuna maka, ba ya kai shan shayi." Ni kuwa in ce ina da aiki. Ba aiki ba ne. Ni ne wa. Ni na goya shi, ni na raka shi lekol ranar farko. Ta yaya zan durƙusa gaban ƙanena, mutane na kallo, yana ce mani latsa nan, kada ka latsa can? Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, kuma ni na naɗa shi har da kunnuwa.

Zazzaɓi ne ya kama shi cikin damina. Kwana biyar. Ranar da ya ji jikin ya ƙi, ya cire igiyar daga wuya ya sa mani a hannu, ya ce kada in kulle shi cikin akwati, duk wanda ya tambaya in ba shi. Bayan sadakar arba'in Laminu ya zo ya durƙusa, har da hawaye, ya ce, "Yaya Idi, ba ni in kwafa in maido maka, kada aikin Mushe ya mutu." Na ba shi. Da na iya kwafa, da kwafi zan ba shi in riƙe uwar. Amma ban iya ba, sai na miƙa mashi rumbun gaba ɗaya. Na bi shi sau uku. Yau ya ce yana Maradi, gobe ya ce kilen ya lalace. Zauren ya mutu, ordinater ɗin da ke ciki ƙura da tsufa suka cinye su ɗaya bayan ɗaya. Na yi shiru, don in na buɗe baki sai an tambaye ni me ya sa ban kwafa ba.

Ina yawan tambayar kaina, da Habibu zai leƙo Dakoro yau, me zai ce? Zai ga pano bisa rufin gidajen da a da ko fitilar kirki babu. Zai ga salula hannun mai tallan fura da mai kiwon raƙumi. Na san wannan zai faranta mashi rai. Amma na san shi, zai karɓi salular ya juya ta, ya tambaya wa ke da ikon buɗe cikinta. Babu. Zai ga tarurruka sun fi na zamaninshi yawa, sai dai yanzu atelye ake ce masu, a sal, wato ɗakin taro mai sanyi, kowa da kati rataye a wuya inda shi yake rataye kile. Manomi ba ya shiga, makiyayi ba ya shiga, sai hotonsu a jikin ƙyallen da aka kafa bakin ƙofa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Shi da zai gani, ƙila dariya zai yi ya ce a bar Laminu, ai ko ta hannunshi abin ya yaɗu. Haka yake, zuciyarshi fara ce. To ni ba Habibu ba ne.

Watan jiya Malama Hadiza ta sauka rumfata, furfura ta fara fito mata. Ta buɗe ordinater ta nuna mani abin da wata ƙungiya da Laminu ya kafa ke rabawa makarantu. Kafin ya buɗe sai ka sa lambar sirri, kuma lambar wajen Laminu ake neman ta. Shafin Asali babu shi, sai hoton Laminu da kwat. Ta ce in duba ƙasa. Na karanta da ƙyar, harafi harafi: "zuba a rumbu". Malam Ɗan Tani shekara uku ke nan a ƙasa, ga maganarshi ana yawo da ita da sunan wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai ta kwance bakin zanenta ta fiddo wani tsohon kile. Ashe tun Habibu na da rai ta kwafa, kamar yadda ya ce kowa ya yi. Da shi take koyarwa shekarun nan duka, ba ta san uwar ta bar hannuna ba. Ta ce, "Malam Idi, zauna." Na zauna. Ina da shekara hamsin da uku, mace na ce mani latsa nan, kada ka latsa can, masu kabu-kabu na kallo suna dariya. Bai kai shan shayi ba, kamar yadda Habibu ya faɗa. Abin da na ƙi koya wurin ƙanena ke nan har ya mutu. Da ta tafi na rufe rumfa, ban iya cin abinci ba ranar.

To me ya rage na Habibu? Ba gida ya bari ba, ba gona ba. Hularshi ma asu ya ci. Abin da ya rage shi ne ɗabi'ar nan tashi ta kada abu ya kwana hannun mutum ɗaya. Wadda ta bi maganarshi ita ta tsirar da aikin, ni da na ƙi bi ni na kusa kashe shi. Tun ranar na kwafa ma duk wanda ya kawo mani kile rumfa, da shafin Asali a gaba. Na aika Mai Yara, na aika Ɗan Gulbi ta hannun Agali.

Ranar taron, da mai gadi ya hana ni shiga, ban tafi ba. Na zauna gindin itacen bedi ina jin tafi ta taga. Da suka fito shan kafe, ga Laminu tsakiyar manyan baƙi, ya yi tumbi. Ya gan ni ya so ya kauce, na tare gabanshi.

Ya ce, "A'a, Yaya Idi! Ina wuni? Ai da ka kira ni." Ya sassauta murya, hannu na laluben aljihu. "Bari a sallami baƙi, sai mu gana."

Na ce, "Fidda hannunka daga aljihu. Ba bara na zo ba."

"Yaya, ba ka gane ba. Yanzu poroje ne, aikin ƙungiya, akwai tsari. Na ƙara abubuwa da yawa a ciki."

"Ka ƙara, Allah ya biya ka. Wa ya hana ka sa sunanka a ƙasa? Wa ya ce ka goge na sama?"

Sai na ɗaga murya yadda Habibu ke yi a zaure, na fara jero su. Shekara huɗu ina jin su duk ranar kasuwa, ba na buƙatar takarda. Habibu, ya kawo iri. Hadiza, ta gyara darussa. Agali, ya kawo rijiyoyi. Idi, ya kawo wuta. Ɗan Tani, ya kawo rumbu. Baƙin suka bar kofunansu suna saurare, wani na tambayar na kusa da shi su waye waɗannan. Ban tsallake kowa ba, har na kai na goma sha tara: Laminu, ya rubuta kalmomi. Nan ya sunkuyar da kai. Na ci gaba har na talatin da takwas.

Sannan na ciro kile daga aljihuna, sabo, da igiyar fata na ɗaure shi. Na kama hannunshi na danƙa mashi, na ce:

"Ka tambaya shekara bakwai da suka wuce, kuma ƙanena ya ce duk wanda ya tambaya a ba shi. Ga naka, ni na kwafa da hannuna. Buɗe ka duba, sunanka na nan inda Habibu ya sa shi, ban taɓa shi ba. Ka riƙe uwar da ka sace, ka riƙe kwaɗonka, irin ya riga ya shiga ƙasa. Amma ka daina ce mani yaya, Laminu. Ƙanena ɗaya ne, kuma ka goge shi."